Rayuwar Baƙon Ɗalibi a Kwalejin Katsina, 1921–1938: Waiwaye Daga Karkarar Gezawa

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin ilmin boko a Arewacin Nijeriya sun fi mayar da hankali ga shekarun da aka kafa makarantu da sunayen manyan mutanen da suka fito daga cikinsu. In aka ambaci Kwalejin Katsina, sai a shiga lissafin Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, kamar dai da rawunansu suka shiga makarantar. Alhali kuwa kowane ɗayansu yaro ne ɗan shekara goma sha wani abu a ranar da ya isa ƙofarta da ƙurar hanya a ƙafa, bai san inda zai kwana ba, bai kuma san da wane harshe za a tambaye shi sunansa ba.

Wannan maƙala za ta dubi wancan yaro ne. Za a fara da gidan da aka ciro shi, inda aka ɗauki ƙasar Gezawa a matsayin misali, sa'an nan a bi shi a hanya, a shiga makaranta tare da shi, a ga abin da ya tarar. Manufa ita ce a rarrabe tsakanin abin da ya zama baƙo ga Bahaushe a rayuwar kwaleji da abin da ya riga ya saba da shi tun kafin zuwan Turawa, domin yawancin abin da sabon ɗalibi ke fama da shi a makarantun kwana tushensa yana can.

2.0 Gidan da Aka Baro

Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, tafiyar yini guda ce a ƙasa. Tana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birni, wadda Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun daga shekarun 1960. A wannan yanki ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an noma ta, abin da ke riƙe da ƙarfinta kuwa shi ne taki, wanda ake tarawa a gida ko a yi jigilarsa a kan jakuna da rani. Gero da dawa da wake su ne abinci, gyaɗa kuma ta zama hanyar samun kuɗin haraji tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A irin wannan noma na gandu, yaro ɗan shekara goma ba ɗan kallo ba ne. Shi ne mai kai taki, mai yanko ciyawar awaki, mai korar tsuntsaye, mai bin mahaifinsa kasuwa.

Saboda haka ɗauke yaro daga gida zuwa makarantar boko hasara ce da ake iya gani da ido, tun kafin a zo ga maganar tsoron da iyaye suke yi wa addinin 'ya'yansu. Tun lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, hanyar samun ɗalibai ita ce umurni: daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Sananne ne cewa masu hali da yawa sun riƙa ɓoye 'ya'yansu su miƙa 'ya'yan barorinsu ko marayun da ke hannunsu. Shi ya sa a bakin mutanen karkara ba a cewa an sa yaro a makaranta, sai a ce an kama shi.

Duk da haka, barin gida don neman ilmi ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Da an gama kaka, malamai sukan kwashi almajirai su yi gabas, wasu su yi wata biyar ko shida, wasu su yi shekaru. Tsangaya tana da nata matakai: ƙaramin yaro kolo ne, in ya tasa ya zama titibiri, sa'an nan gardi, har a kai ga alaramma da gwani. Kolo ya san yunwa, ya san sanyin dare a gindin wutar kiskadi, ya san aiken gardawa da dukansu. Iyaye kuma sun yarda da wannan wahala domin sun san inda ta nufa. Wahalar boko ce ba su san ƙarshenta ba.

3.0 Tsani da Hanya

Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Shugabanta na farko shi ne G. A. J. Bieneman. An kafa ta ne don horon malamai Musulmi waɗanda za su koma lardunansu su koyar, karatun kuma na shekara biyar ne. A jawabinsa na buɗewa, Clifford ya nanata cewa ana son waɗanda za su fito su kasance masu ladabi da girmama magabata, kada ilmi ya raba su da al'adun mutanensu. Turawan mulki suna gudun kada a sami irin 'yan bokon Ikko, masu rubutu a jaridu suna ja da gwamnati.

Yaron karkara ba ya isa wannan makaranta sai ya hau tsani mai tsawo. Zai fara da elementare, inda ake karatu da Hausa. In ya yi fice a kai shi makarantar lardi a birni, wadda bayan gyaran da E. R. J. Hussey ya kawo a wajajen 1930 ta zama midil. Ta Kano ita ce daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. Daga nan ne ake tsamo 'yan kaɗan a kowace shekara a tura su Katsina, tare da takwarorinsu daga Sakkwato da Zazzau da Bauci da Barno da Bida da Ilori da Adamawa. Watau ɗan Gezawa da zai kai wannan matsayi sai ya yi baƙunci sau biyu: na farko a Kano, inda 'yan birni za su kira shi baƙauye, na biyu a Katsina, inda za a kira shi Bakano.

Ita kanta tafiyar jarrabawa ce. Layin dogo bai bi ta birnin Katsina ba, motoci kuma ba su yawaita ba a shekarun farko. Ahmadu Bello, wanda ya shiga kwalejin a 1926, ya bayyana a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962 yadda suka riƙa takawa a ƙasa daga Sakkwato, tafiyar kimanin mil 170, ana yada zango a ƙauyuka har mako guda. Waɗanda suka fito daga Barno da Adamawa tasu tafiyar ta fi haka nisa. Wannan nisa yana nufin cewa ba zancen zuwa gida in an yi rasuwa ko suna ko biki. Labari yakan iso bayan an share makoki.

4.0 Abubuwa Huɗu da Baƙo Ya Tarar

Ginin makarantar na ƙasa ne, irin ginin da magina Hausawa suka saba yi, ɗalibai kuma suna zaune a gidaje-gidaje, kowane gida da babban ɗalibi mai kula da shi. Ba a raba su da riga da hula ba. Akwai malaman Larabci da addini 'yan ƙasa, cikinsu har da Malam Bello Kagara, ana kuma kiyaye salla da azumi. Ta fuskar gani da ido ke nan, wurin bai yi nisa da gida ba. Baƙuncin yana cikin abubuwa huɗu.

4.1 Lamba

Na farko shi ne lamba. Duk wanda aka ɗauka ana ba shi lamba bisa jerin shigarsa, ba a kuma sake ba wani ita har abada. Ahmadu Bello shi ne mai lamba 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, mai lamba 145. A gida ana sanin yaro da sunan mahaifinsa da gidansu da sana'arsu, uwa ma takan sakaya sunan ɗan fari don kunya. A nan kuwa ɗan sarki da ɗan bara suna jere a littafi guda. Daga wannan ne kuma al'adar laƙaba wa ɗalibi sunan garinsu ta yi ƙarfi a makarantun boko, domin in aka sami Muhammadu biyar a aji dole a rarrabe su. Sunaye irin su Kagara da Tafawa Ɓalewa da Kaita da Shagari da Kano duk sunayen garuruwa ne da suka manne wa masu su.

4.2 Agogo

Na biyu shi ne agogo. Manomin Gezawa yana auna yininsa da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar, shekararsa kuma da bazara da damina da kaka da rani. Ko a tsangaya, lokutan salla ne ke raba karatu, kowane almajiri kuma yana tafiya da allonsa gwargwadon ƙwaƙwalwarsa, ba wanda ke jiran wani. A kwaleji kuwa ƙararrawa ce ke tayar da mutum, ita ke shigar da shi aji, ita ke fitar da shi, ita ke kai shi fili, ita ke kashe masa fitila. Malami yakan tsaya a tsakiyar bayani don lokacinsa ya cika, wani ya shigo da wani fanni daban. Makara ta zama laifi mai hukunci. Abu mafi ciwo ga ɗan manomi shi ne ruwan shuka ya sauka yana zaune a aji, ya ji ƙamshin ƙasa, ya san ana can ana sāra ana binne iri babu shi.

4.3 Harshe

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne harshe. Da Turanci ake koyarwa, an kuma ba da ƙarfi ƙwarai ga furuci, abin da ake dangantawa musamman ga malamin Turancin nan Gerald Power. Bahaushe yana da wuraren tuntuɓe sanannu. Harshensa ba ya rarrabe sautin p da f, ba shi da v, ba ya kuma son baƙaƙe biyu ko uku su haɗu ba wasali a tsakani, shi ya sa kalmomin aro suka zama tebur da benci da sukurudireba. Sabon ɗalibi sai ya yi watanni yana murɗa bakinsa a gaban 'yan'uwansa, ana gyara masa ana dariya. Sakamakon wannan horo ya bayyana daga baya, lokacin da aka riƙa yi wa Tafawa Ɓalewa kirari da mai muryar zinariya saboda iya Turancinsa.

A bayan aji kuma akwai wani gwagwarmayar harshe da ba a cika ambata ba. Basakkwace ya zo da tasa Hausa, Bakatsine da tasa, Bakano da tasa, ga Babarbare da Banufe da Bayarabe da wataƙila Hausar kasuwa kawai suke ji. Hausa ce ta zama harshen ɗaki da na cin abinci, kowa kuma yana sassauta karin garinsu don a fahimce shi. Wasan barkwanci na gargajiya ya taimaka wajen karɓar baƙo: Bafilatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya tarar da abokin wasansa. Wanda aka tsokane shi ya rama, ya zama ɗan gida ke nan. Ba abin mamaki ba ne da gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a 1933 ta sami gwanayenta daga wannan da'ira: Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar tsofaffin ɗalibai ne, Bello Kagara mai Ganɗoki kuma malami ne a makarantar.

4.4 Wasa

Na huɗu shi ne wasa na dole. A karkara wasa na yara ne da samari, a dandali da dare ko bayan kaka: langa da kokawa da dambe. Ɗan malamai ko ɗan sarauta da ya tasa ba ya guje-guje a bainar jama'a, domin natsuwa ita ce alamar mutunci. Turawan da suka koyar a Katsina kuwa sun fito ne daga makarantun kwana na Ingila, inda aka ɗauki fili a matsayin wurin gina hali. Saboda haka kowace yamma sai an fita, ko kurket ko hoki ko ƙwallon ƙafa ko fayif, watau wasan nan da ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ana danganta shigo da fayif ga S. J. Hogben a shekarun 1920, Ahmadu Bello kuma ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Ga sabon ɗalibi, fili wuri ne na jin kunya da farko, daga baya ya zama wurin da wanda Turanci ya gagara zai iya yin suna.

5.0 Manya da Ƙanana

Ikon manyan ɗalibai a kan ƙanana shi ne inda tsangaya da kwaleji suka yi kama, shi ne kuma inda suka bambanta. Aike da shara da ɗebo ruwa ba su ba kolo mamaki ba. Amma gardi ya fi kolo shekaru da karatu nesa ba kusa ba, sa'an nan malam yana zaune a zaure ɗaya da su, ya san iyayen kowa. A tsarin da aka kwaso daga Ingila kuwa, hukuma ce ke naɗa ɗalibi ta ba shi iko a kan wanda bai girme shi da shekara biyu ba, malamai kuma su koma gidajensu. A Katsina, inda ɗalibai ba su da yawa kuma kowa ya san kowa, abin bai yi tsanani ba. Da makarantu suka yawaita, ɗalibai suka kai ɗaruruwa a wuri guda, sai wannan iko ya zama ƙofar zalunci, wanda aka gwale bara shi ne mai gwale wani bana.

Akwai kuma sha'anin kuɗi. Ana ba ɗalibi 'yan kuɗin wata don bukatunsa, wannan kuwa shi ne karo na farko da yawancinsu suka riƙe abin kansu ba tare da uba ko wa ya sa ido ba. Wanda ya cinye nasa tun farkon wata ya koyi cin bashi, wanda ya iya tattali ya koma gida hutu da tsaraba. Komawa gidan ma wani baƙunci ne. Tsaransa sun yi aure, sun sami gayauna, hannuwansu sun yi kanta, shi kuwa ya dawo da littafi da fararen tufafi. Ana girmama shi, ana kuma ɗari-ɗari da shi. Abin da Clifford ya ce a guje wa ya faru ta hanyar da bai zata ba, domin rigar tana nan amma tunanin da ke cikinta ya sauya.

6.0 Bayan Katsina

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na Katsina ya zama gidan adana kayan tarihi. Waɗanda suka yi karatu a Kaduna, irin su Aminu Kano da ya shiga a 1937 ya gama a 1942, da Shehu Shagari da ya bi bayansa, sun tashi cikin zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, sun kuma fi magabatansu yawan tambaya. Abotar da aka ƙulla a ɗakunan kwana ita ce daga baya ta zama jijiyar siyasar Arewa, a ɓangaren NPC da na NEPU baki ɗaya.

Mata kuwa an daɗe ba a buɗe musu wannan ƙofa ba. Sai a 1930 aka fara makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe wurin horon malamai mata a Sakkwato. Babban sauyi ya zo da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976, wanda ya bukaci dubban malamai cikin gaggawa, makarantun horon malamai na kwana suka bazu har cikin karkara. Gezawa, wadda a da sai dai a ɗauki 'ya'yanta a kai wani wuri, ita ma ta zama masaukin makarantar horon malamai mata, 'yan mata daga wasu garuruwa suka riƙa isowa da akwatin ƙarfe da bokiti da tabarma suna nasu baƙuncin.

Harshe ya adana tarihin wannan zamani. Kalmomi irin su firinsifal da monita da siniya da leba da firef sun zauna daram a bakin 'yan makaranta, tuwon makaranta ya sami suna gabza, horon mugunta kuma gwale-gwale. Bayan kafa hukumar JAMB a 1978, sabon ɗalibin jami'a ya zama jambito. Abin lura shi ne yawancin waɗannan kalmomi sun shafi iko ne da abinci da aiki, kaɗan ne suka shafi karatu, wannan kuwa ya nuna abin da ya fi damun ɗalibi a shekararsa ta farko.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rabuwa da gida da yunwa da hidimar manya ba su ne baƙin abubuwa ga yaron ƙasar Hausa ba, domin tsangaya ta riga boko koya masa su. Abin da kwaleji ta kawo sabo shi ne lamba a madadin nasaba, ƙararrawa a madadin rana, baƙon harshe a matsayin ma'aunin basira, da iko a hannun tsara. Kwalejin Katsina ta iya sassauta zafin waɗannan abubuwa saboda ɗalibanta kaɗan ne, malamanta sun san su ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma malamai 'yan ƙasa da yaro zai iya kai wa kukansa da harshen uwarsa. Makarantun da suka gaje ta sun ɗauki ƙararrawar da lambar da sandar siniya, amma yawan jama'a ya sa kulawar ta ragu.

Aikin da ya rage wa manazarta shi ne tattara bayanan baka. Tarihin manyan da suka yi suna an rubuta shi. Na waɗanda suka gudo daga midil a zangon farko suka koma gona, da na matan da suka fara kwana a makarantar Gezawa, yana nan a bakin dattawa a Jogana da Babawa da Tsamiya Babba da sauran ƙauyukan yankin, kullum kuma masu riƙe da shi raguwa suke yi. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.